Daga Ɗauri Zuwa Ɗinki: Tarihin Tsai da Jini da Gyaran Jijiyar da ta Yanke

1.0 Gabatarwa

Baligin mutum yana ɗauke da jini kimanin lita 5 a jikinsa. Idan babbar jijiyar cinya ta yanke, jinin da zai zuba cikin mintoci kaɗan ya isa ya halaka shi. Idan kuwa aka toshe jijiyar domin a tsai da jinin, naman ƙafar da take shayarwa ba ya jure rashin jini fiye da sa'o'i 6 ko makamancin haka, daga nan sai ya fara mutuwa. Shekaru aru-aru masu magani suka yi a cikin wannan tsaka-mai-wuya, wato ko dai a ceci rai a rasa gaɓa, ko a tsaya neman gaɓa a rasa rai.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka fita daga wannan hali, tun daga zamanin Rumawa har zuwa yau. Za a nuna cewa dabarar ɗinke jijiya ta kammala tun cikin 1902, amma sai da aka shekara 50 kafin ta fara amfanar masu rauni da yawa, saboda gwanintar hannun likita ba ta wadatar ba sai da wasu abubuwa suka mara mata baya.

1.1 Kalmar Jijiya

Kafin a shiga cikin tarihin ya kamata a warware wata matsala ta harshe. A Hausa kalmar "jijiya" ta game abubuwa da dama. Ana kiran hanyar jini jijiya, ana kiran igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi jijiya, haka ma zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Hanyoyin jinin su kansu iri biyu ne. Akwai waɗanda ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa sassan jiki, su ne ake jin bugunsu a wuyan hannu, kuma idan sun yanke jini ja wur yake fita da tsartuwa. Akwai kuma waɗanda ke mayar da jini zuciya, jininsu ya fi duhu, kwarara yake yi ba tsartuwa ba. Likitocin Larabawa na da sun bambanta su da cewa na farko masu bugawa ne, na biyu kuma masu kwanciya. Wannan rabon aka bi a nan. Duk inda aka ce jijiya kawai, mai bugawa ake nufi. Idan ɗayar ce za a ce jijiya mai kwanciya.

2.0 Zamanin Lalas da Ɗauri

Wasu daga cikin masanan Girka na da sun ɗauka iska ce ke bin jijiyoyi masu bugawa, domin idan aka fede gawa akan same su wayam. Galen, wanda ya rayu a ƙarni na 2 Miladiyya, shi ya rushe wannan zato. Ya ɗaure jijiyar dabba mai rai a wuri biyu, ya tsaga tsakanin, sai ga jini. Galen ya taɓa zama likitan mayaƙan da ake sa su sari juna da takubba a dandalin wasa na birnin Pergamon, saboda haka ya ga zubar jini iri-iri. Tun kafinsa, Celsus na Rum ya rubuta cewa idan matsa rauni da ƙyalle ya kasa, a kama hanyar jinin a ɗaure ta sama da ƙasa, idan hakan bai yiwu ba a ƙona ta da jan ƙarfe.

Bayanin da ya fi tsari a kan wannan batu ya fito ne daga Andalus. Abul Ƙasim al-Zahrawi (936-1013), likitan fadar Ƙurɗuba, ya rubuta littafinsa Kitab al-Tasrif a kashi 30, ya keɓe na ƙarshe ga aikin fiɗa. A ciki ya umurci likita ya fara danne bakin jijiyar da yatsa har jinin ya tsaya a ƙarƙashinsa. Sa'an nan ya lissafa hanyoyi huɗu na tsai da jinin jijiya: lalas da ƙarfe mai zafi, ƙarasa yanke jijiyar idan tsagewa kawai ta yi, domin bakunan biyu su ja da baya su tsuke, ɗaure ta da zare mai ƙarfi, ko sa magani mai daskarar da jini tare da naɗi mai tsauri. A ƙarni na 12 Gerard na Cremona ya fassara wannan kashi zuwa Latin a birnin Toledo, ya zama abin karatu a makarantun likitanci na Turai har tsawon ƙarnoni.

Abin lura a nan shi ne, dukkan hanyoyin nan huɗu rufe jijiya suke yi. Babu wadda ta yi nufin jini ya ci gaba da bin hanyarsa. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin sai a 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana cewa jini kewaya jiki yake yi, zuciya tana tura shi yana komowa.

3.0 Wanzaman Turai da Fagen Fama

A Turai ta ƙarni na 16 likita mai karatu ba ya cika taɓa wuƙa. Aikin tsaga da cire haƙori da yanke gaɓa na wanzamai ne, su ne kuma ke bin rundunonin yaƙi. A wannan zamani bindiga ta yaɗu, aka kuma yi imani cewa raunin harsashi yana da dafi, saboda haka akan zuba masa tafasasshen mai. Idan an yanke ƙafa kuma, sai a ƙona dungun da jan ƙarfe.

Ɗaya daga cikin wanzaman nan, Ambroise Paré na Faransa, ya bi runduna zuwa Turin a 1537. Wata rana mai ya ƙare masa, sai ya haɗa gwaiduwar ƙwai da man wardi da man ƙaron itace ya shafa wa sauran masu raunin. Ya kwana cikin fargaba, amma da gari ya waye ya tarar waɗanda bai ƙona ba sun fi samun sauƙi, waɗanda aka zuba wa mai kuwa suna fama da zazzaɓi da kumburi. A 1552, lokacin da aka kewaye garin Damvillers da yaƙi, ya yanke ƙafar wani hafsa, ya ɗaure jijiyoyin da zare maimakon lalas. Yana jawo bakin jijiya da wani hantsaki da ake kira bakin hankaka saboda siffarsa. Paré bai ƙago ɗauri ba, farfaɗo da shi ya yi, ya kuma kai shi ga aikin yanke gaɓa. Duk da haka abokan sana'arsa da yawa sun ci gaba da lalas, domin ɗauri yana cin lokaci, majinyaci kuwa idonsa biyu, jini yana zuba.

Abin da ya ba ɗauri dama shi ne maɗaurin tsai da jini. A 1674, a yaƙin Besançon, Etienne Morel ya naɗa ƙyalle a saman rauni, ya cusa sanda ya murɗa har jini ya tsaya. A 1718 Jean-Louis Petit ya ƙera maɗauri mai kusar murɗawa, wanda ake tsukewa ko a sassauta a hankali. Da wannan likita ya sami sukunin neman jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya.

4.0 Gyaran Farko da Dalilin Tsayawarsa

A wancan zamani tsaga jijiya mai kwanciya a gwiwar hannu don a zubar da jini magani ne na yau da kullum, kuma sau da yawa aska takan zarce ta sami mai bugawa da ke ƙarƙashinta. A 1759, a Newcastle ta Ingila, wani likita mai suna Hallowell ya gamu da irin wannan rauni. Bisa shawarar abokin aikinsa Richard Lambert, sai ya soka siririn tsinken ƙarfe ya haɗa leɓɓan tsagar, ya naɗe shi da zare kamar yadda masu jinyar dawaki ke yi. Majinyacin ya warke, bugun jini bai ɗauke a wuyan hannunsa ba. Wannan shi ne gyaran jijiya na farko da aka rubuta labarinsa. Sai dai gwaje-gwajen da aka yi a jikin dabbobi bayan haka sun ƙare da gudan jini ya toshe jijiyar, saboda haka aka yi watsi da batun fiye da shekara 100.

Hankalin likitoci ya koma ga kyautata ɗauri. A watan Disamba 1785 John Hunter, a asibitin St George da ke Landan, ya karɓi wani matuƙin keken doki wanda jijiyar bayan gwiwarsa ta yi rauni ta kumbura tana neman fashewa. Maimakon ya yanke ƙafar, sai ya ɗaure jijiyar can sama a cinya inda take da lafiya, ya dogara ga ƙananan rassa su buɗe su kai jini ƙasa ta bayan fage. Mutumin ya koma bakin aikinsa da ƙafarsa. Amma kumburi irin wannan a hankali yake girma, yana ba rassan lokacin faɗaɗa. Jijiyar da wuƙa ko harsashi ya yanke farat ɗaya ba ta samun wannan jinkiri.

Ɗaurin kansa yana da illa. Akan bar jelar zaren tana reto a wajen rauni domin a zare shi daga baya, ƙwayoyin cuta kuwa su bi ta nan, wurin ya yi mugunya, jijiyar ta ruɓe, bayan mako ɗaya ko biyu jini ya sake ɓallewa. Abubuwa biyu suka sauya wannan. A 1846 aka nuna amfani da maganin sa barci a Boston, likita ya daina tsere da ihun majinyaci. A 1867 Joseph Lister ya bayyana hanyarsa ta kashe ƙwayoyin cuta da sinadarin kabolik, a 1869 kuma ya nuna cewa zaren hanjin dabba da aka jiƙa a cikinsa ana iya datse shi a bar shi cikin jiki ya narke.

5.0 Ɗinki

Da waɗannan suka samu sai aka sake waiwayar gyara. A 1877 Nikolai Eck na Rasha ya haɗa manyan jijiyoyi biyu masu kwanciya a cikin karnuka. A 1896 John Murphy na Shikago ya yanke ɓangaren jijiyar cinya da harsashi ya lalata a jikin wani mutum, ya cusa baki ɗaya cikin ɗayan ya ɗinke. Ƙafar ta tsira, amma wannan hanya tana ƙuntata jijiya.

Ranar 24 ga Yuni 1894 wani ɗan Italiya mai suna Caserio ya daɓa wa shugaban Faransa, Sadi Carnot, wuƙa a birnin Liyon. Wuƙar ta yanke babbar jijiya mai kwanciya da ke shiga hanta. Manyan likitocin birnin suna tsaye a kansa, amma babu wanda ya iya ɗinke ta, ya cika bayan 'yan sa'o'i. Alexis Carrel (1873-1944) yana ɗalibin likitanci a Liyon a lokacin, kuma ya tsaya a kan cewa da an san ɗinkin jijiya da shugaban bai mutu ba. Ana ba da labari cewa ya je ya koyi riƙon ƙaramar allura a wurin Madam Leroudier, fitacciyar mai surfani ta birnin.

A 1902 ya wallafa dabararsa. Wahalar ɗinkin jijiya ita ce bakinta zagayayye ne kuma yana lanƙwashewa, allura tana iya kama bangon baya ta rufe hanya. Carrel ya sa ɗinki uku a wurare uku masu nisa daidai a kewayen bakin, ya ja zarurrukan, sai da'irar ta koma siffa mai kusurwa uku. Kowane gefe ya miƙe sambal, ana bin sa da ɗinki kamar bakin riga. Ya yi amfani da allurai masu matuƙar sirantaka da zaren siliki da aka shafa wa mai, ya kuma kula santsin cikin jijiya ya haɗu da santsi, domin duk inda jini ya gogi kaushi nan yake daskarewa. Daga baya ya koma Amurka, ya yi aiki tare da Charles Guthrie a Shikago, aka ba shi kyautar Nobel a 1912. Cikin waɗannan shekaru José Goyanes a Madrid a 1906, da Erich Lexer a Jamus a 1907, suka nuna ana iya yanko jijiya mai kwanciya daga jikin majinyaci a cike giɓin mai bugawa da ita.

6.0 Shekaru Hamsin na Jira

Idan aka duba abin da ya gabata za a zaci zamanin ɗauri ya wuce. Ba haka ya kasance ba. A yaƙe-yaƙen Balkan na 1912 zuwa 1913 Vojislav Subbotich na Sabiya ya ɗinke jijiyoyi da dama, amma da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 sai aka koma gidan jiya. Ɓaraguzan bam suna yayyaga nama, suna cusa ƙasar gonaki mai taki cikin rauni, ɗinkin da aka yi a irin wannan wuri ruɓewa yake yi ya fashe. Carrel da kansa bai yi shekarun yaƙin yana ɗinkin jijiya ba. Ya yi su ne a Compiègne tare da Henry Dakin suna neman ruwan maganin wanke raunuka.

Abubuwan da ɗinki yake bukata a hankali suka taru. Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini a 1901, abin da ya share fagen ƙarin jini ba tare da haɗari ba. An gano heparin, maganin hana jini daskarewa, a 1916, amma sai a shekarun 1930 aka tace shi a Toronto har Gordon Murray ya yi aiki da shi a tiyatar jijiyoyi. Hoton jijiyoyi ta hanyar zuba musu rini ya bunƙasa a Fotugal a ƙarshen shekarun 1920. Fenisilin bai wadata ba sai wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1946 Michael DeBakey da Fiorindo Simeone suka wallafa nazarin raunukan jijiya 2,471 na sojojin Amurka a wannan yaƙi. Guda 81 kacal aka ɗinke. Cikin waɗanda aka ɗaure wa jijiya, kashi 49 cikin 100 sun rasa gaɓa. Idan jijiyar bayan gwiwa ce kuwa, adadin ya kai kusan kashi 73. Babban dalili shi ne jinkiri, domin mai rauni yakan wuce sa'o'i 10 kafin ya isa hannun likitan fiɗa, lokacin da naman ya riga ya mutu. Marubutan sun bayyana cewa ɗauri ba zaɓi ba ne, larura ce ta tilasta shi.

A yaƙin Koriya (1950-1953) aka ga sauyi. Jirgi mai saukar ungulu yana ɗauko mai rauni, an matso da asibitin tanti kusa da fagen fama, akwai jini a ajiye, akwai maganin ƙwayoyin cuta, akwai kuma hantsakin Potts mai riƙe jijiya ba tare da ya murƙushe ta ba. Tun da farko umurnin soja shi ne a ɗaure. Amma a 1952 Frank Spencer ya fara gyara ba da izini ba, yayin da Carl Hughes da Edward Jahnke suka gudanar da nasu aikin a rundunar ƙasa. Yanke gaɓa bayan gyaran jijiya ya sauko zuwa kimanin kashi 13 cikin 100. Ɗinkin da suka yi na Carrel ne, bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne lokaci da kayan aiki.

A lokacin yaƙin Biyetnam Norman Rich ya kafa rajistar raunukan jijiya a 1966. Adadin yanke gaɓa ya tsaya wajen kashi 13 ɗin nan, duk da cewa ɗauko masu rauni ya ƙara sauri. Dalili kuwa shi ne, waɗanda da can a fagen fama za su cika saboda munin rauninsu, yanzu suna isa asibiti da rai.

7.0 Komawa ga Maɗauri

Ɗinki ba ya amfanar wanda jininsa ya ƙare a hanya. A mafi yawan ƙarni na 20 an ƙyamaci maɗauri, ana ganin shi ke kashe gaɓa, kuma akwai gaskiya a ciki idan an bar shi sa'o'i masu yawa. Bayan faɗan Mogadishu na 1993 likitocin sojan Amurka suka sake nazarin batun, zuwa 2005 aka shiga raba wa kowane soja nasa. Wani nazari da John Kragh ya yi a asibitin soja na Bagadaza, wanda aka wallafa a 2009, ya nuna cewa kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka sa wa maɗauri kafin jikinsu ya saki saboda rashin jini sun rayu, waɗanda aka sa wa bayan haka kuwa kashi 10 ne. A 2010 wani babban gwaji da ya haɗa majinyata fiye da 20,000 a ƙasashe 40, har da Nijeriya, ya tabbatar da cewa maganin tranexamic acid, mai hana gudan jini narkewa, yana rage mutuwar masu rauni, daga baya kuma aka gano amfaninsa yana cikin sa'o'i 3 na farko.

A yau likita yana iya cusa ɗan bututun roba a tsakanin bakunan jijiyar da ta yanke domin jini ya riƙa wucewa kafin a kai ga gyara na sosai. Yana iya kuma bin cikin jijiya daga matsematsi ya lulluɓe tsagar daga ciki. Amma matakin farko bai tashi daga inda al-Zahrawi ya bar shi ba, wato a danne wurin da ƙarfi kada a ɗaga. Idan gaɓa ce kuma dannawa ta kasa, a ɗaure sama da raunin har jini ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaure, a garzaya asibiti.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin tsai da jinin jijiya daga lalas zuwa ɗauri, daga ɗauri zuwa ɗinki. An ga cewa daga Celsus zuwa Hunter burin mai magani shi ne ya rufe jijiya ya tsirar da rai. An ga kuma cewa Hallowell ya yi gyara a 1759, Carrel ya kammala dabarar a 1902, amma ba ta zama ruwan dare ba sai a 1952, bayan da ƙarin jini da maganin ƙwayoyin cuta da saurin sufuri suka haɗu wuri ɗaya.

Darasin da ke cikin wannan bai tsaya ga sojoji ba. Wanda mota ta karya wa ƙafa jijiya ta yanke, ko wanda aka ɗaure wa karaya da tsauri har jini ya daina sauka, ƙa'idar sa'o'i 6 ɗin nan ce take hawansa. Idan ya kwana a hanya, ko ya isa asibitin da babu jini a ajiye, to halin da yake ciki bai bambanta da na sojan 1944 ba, kome gwanintar likitan da zai tarar.